Ranar da Na Aiki Mai Naƙuda Ɗibar Ruwa

Ko zan manta da komai a aikin jinya, ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwa ba, a daminar farko da aka tura ni ƙasar Bagudo. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun yi zafi, ko da kuwa ni kaɗai ce a ɗaki.

Lokacin ban daɗe da gama makarantar jinya da ungozoma ba. A babban asibitin birni na yi koyon aiki, inda likita yake a kowane lungu, ga wuta, ga famfo, ga masu shara da ake ƙwala wa kira su zo da gudu. Na fito da sakamako mai kyau, kuma ban ɓoye wa kowa ba (wanda bai tambaya ba ma sai na san yadda na yi hira ta biyo ta wurin). Da aka ce an tura ni wani ƙaramin asibitin ƙauye gaba da Kaoje, dab da iyakar Benin, na sha kukana na ƙoshi. Daga baya na lallashi kaina da cewa ai ilimi zan kai musu.

Asibitin 'yan ɗakuna ne da baranda, da durom ɗin ruwa a bakin ɗakin haihuwa, da famfon tuƙa-tuƙa can bayan shinge. In ka tsaya a wani gefen tsakar gidan, wayarka sai ta kamo sabis ɗin Benin ta yi maka maraba da Faransanci. Masu zuwa kuwa ba ruwansu da iyaka. Hausawa, Dandawa, Zabarmawa, Fulanin rugagen wannan tsallake da na wancan, duk wanda ciwo ya kama, asibitin da ya fi kusa shi ne nasa. In damina ta yi nisa, rafin da ke tsakaninmu da Kaoje yakan cika ya yanke hanya, mota ba ta wucewa. A irin wannan lokaci babu zancen a tura mara lafiya gaba. Duk abin da ya shigo ta ƙofar nan, a hannunmu zai ƙare, ko da daɗi ko ba daɗi.

Shugabar wurin ita ce Sista Kulu, wata gajeriyar dattijuwa mai tafiya kamar ba ta son taka ƙasa. Nas ce kuma ungozoma, ta yi babban asibiti ita ma tun ina rarrafe, sannan ta dawo gida. Tana jin Fillanci da Dandanci, tana ɗan taɓa Faransanci. Ita ce mai ba da magani, ita ce mai ɗinkin rauni, ita ce mai hawa tsani ta goge faifan sola don kada firjin allurar rigakafi ya mutu, in miji ya hana matarsa zuwa awo ita ce mai zuwa ta zauna da shi a zaure. Ni dai a lokacin abin da na gani kawai shi ne tana da sanyin jiki. A raina har ina cewa da a birni ne da tuni an yi mata ritaya (Allah Ya yafe mini).

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa, hanyar Kaoje ta yanke. Da hantsi aka zo da babur aka ɗauki Sista Kulu zuwa bakin gari, wai wani tsoho fitsari ya ƙi fita. Matar da ke mana shara da ɗibar ruwa ba ta zo ba, zazzaɓi ya kwantar da ita. Sista ta rataya jakarta ta dube ni.

"Ɗiyata, riƙe min wurin ga. Ba ni daɗewa."

"Ba komai Sista, tahi abinki," na ce, ina gyara zaman hulata. Daɗi kamar ya kashe ni, yau asibiti ya zama nawa.

Ko ƙarar babur ɗin ba ta gama ɓacewa ba sai ga ayari daga kasuwa, an riƙo Hajiya Ige ta kowane gefe. Hajiya Ige 'yar kasuwa ce, mai kai shinkafa tsallake ta dawo da atamfa, mace mai jiki da murya, ga tsohon ciki a gaba. Tun daga bakin shinge ake jin ta.

"Wayyo Allah na mutu! Ina Kulu? Ku kira min Kulu! Bayana ya tsinke!"

Na shigar da ita ɗakin haihuwa, na sa safar hannu na duba ta. Gaskiyar magana, yatsuna sun gaya mini bakin mahaifa bai buɗe ba. Amma a ɗakin haihuwar birni na saba auna naƙuda da kunne, wadda ta fi kowa ƙara ita ake rugawa wurinta. Don haka na ƙaryata yatsuna na gaskata maƙogwaron Hajiya. Na hau shiri, na jera almakashi da zare, na leƙa durom, sai na tarar babu ko ɗigon ruwa.

Na fito baranda a ruɗe. Maza suna zaune a benci guda, dattawa ne duk, ba wanda zan iya miƙa wa bokiti. Mata kuwa kowacce da goyo ko da ciwo a fili. Can ƙarshen baranda sai na hango wata siririyar Bafulatana zaune a ƙasa, ta jingina da ginshiƙi, ta lulluɓe da wani ƙaton hijabi har ƙafa. Ba goyo, ba tari, ba nishi. Ta ƙura wa ƙasa ido kawai.

"Ke, mi ad damuwarki?" na tambaye ta.

Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Rakiya kinka yo?"

Shiru. Ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin e, don shi ne amsar da nake so. Na dangwarar mata da bokiti a gaba, na nuna mata tuƙa-tuƙa. Ta dubi bokitin, ta dube ni, ta saci kallon mazan da ke benci. Sannan ta kama ginshiƙin da hannu biyu ta miƙe a hankali. Wannan a hankalin ne ya ba ni haushi, har na buɗe bakin nan nawa na ce:

"Hanzarta hwa, baiwar Allah! Mai naƙuda muka da ita ciki!"

(Ku bar ni in ɗan numfasa. Wannan jimlar, ko a mafarki ta zo mini sai na farka.)

Ta tafi. Ina ciki ina shafa wa Hajiya Ige baya ina ce mata ta yi numfashi, ina jin ƙarar tuƙa-tuƙa daga nesa, ƙiiƙ-ƙaƙ, ƙiiƙ-ƙaƙ, sai ya tsaya na ɗan lokaci, sai ya ci gaba. Har tsaki na yi, na ce yarinyar nan wasa take yi. Ta kawo ruwan ta juye a durom. Ko fuskarta ban kalla ba, na ce wannan ai ba ya isa, ta ƙaro. Ta juya ta koma.

Ta taga na hango dawowar Sista Kulu. Babur bai gama tsayawa ba na ga ta diro, matar da nake cewa ba ta son taka ƙasa. Ba asibiti ta nufo ba, hanyar tuƙa-tuƙa ta yi. Yarinyar tana tahowa da bokiti a ka, sai ta tsaya cak a tsakiyar hanya, ba ta gaba ba ta baya. Sista ta isa gare ta, ta sauke bokitin da kanta, ta zura hannu a ƙarƙashin hijabin, ta yi mata wata gajeriyar magana da Fillanci. Yarinyar ta gyaɗa kai sau ɗaya. Sai na ga Sista ta rungumo ƙugunta suna tahowa, a lokacin ne iska ta manna hijabin a jikinta, na ga abin da ya kamata in gani tun farko.

Na fito baranda. Sista Kulu ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta taɓa ɗagawa.

"Wa ya aiki yarinyag ga ɗibar ruwa? Kan ɗa na bisa hanya."

Sai ga Hajiya Ige, wadda ta ce bayanta ya tsinke, ta leƙo ta taga da muryarta garau:

"Ƙaramar likita ta! Kuma wallahi wanga ba shi na bokitin hwarko ba!"

Wani dattijo a benci ya ce, "La'ilaha illallahu." Wata mata ta rufe baki da gefen mayafi. Duk idon da ke wurin ya dawo kaina, da farin yunifom ɗina da agogon da na maƙala a ƙirji. Na so ƙasa ta tsage in shige, ƙasa kuwa ta ƙi.

Sista ba ta ba ni lokacin jin kunyar ba ma. Ta shiga da yarinyar, ta ɗora tafin hannu a cikin Hajiya Ige, ta ɗan saurara, ta ce, "Hajiya, naki da saura. Hita ki sha iska." Hajiya ta sauko daga gado da ƙafarta, har da ɗaukar jakarta da takalmi. Sista ta tambayi yarinyar da Fillanci ko gado take so ko durƙuso. Ta zaɓi durƙuso, irin yadda matan gidansu suke haihuwa. Ni a makaranta a kwance aka koya mini, amma ranar ba ni da bakin gyara wa kowa. Aka shimfiɗa leda da zani mai tsabta a ƙasa, ta durƙusa ta riƙe ƙafar gado.

Sunanta Pendo, daga wata ruga ta tsallaken iyaka. Haihuwar fari ce. Surukarta ce ta kawo ta tun ina ciki ina fama da Hajiya, ta zaunar da ita ta ruga kasuwa sayen sabulu da zani, da nufin kafin ta dawo Sista Kulu ta iso. A wurinsu mace ba ta kuka a haihuwa, balle ta fari, kuma ba ta buɗe baki ta ce tana naƙuda a gaban maza. Duk wannan daga baya na ji shi. Abin da na gani da idona a ɗakin nan shi ne yarinya tana haihuwa, zufa tana zuba daga haɓarta, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, amma ko uhum ba ta ce ba. Ban taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba, kuma har yau ban sake gani ba.

Kai ya fito da cibiya naɗe a wuya. Sista ta sa yatsa ta zare ta kamar mai cire wa yaro sarƙa. Sai ga ɗan ya sulluɓo gaba ɗaya, namiji, jikinsa yaraf, launinsa kamar toka. Bai yi kuka ba, bai motsa ba.

A birni, a daidai nan ake ƙwala wa likitan yara kira. Na juya ina neman wanda zan kira, sai na tuna babu kowa, kuma hanya a yanke take. Daga ni sai Sista Kulu, sai jaririn da na aiki uwarsa tuƙa famfo. Na ji a raina in yaron nan ya tafi, ni ba zan ƙara sa farin kaya ba har abada.

Sista ta goge shi da tawul da ƙarfi, ta murza bayansa, ta zuƙe majinar bakinsa da hancinsa da 'yar robar zuƙa. Shiru. Ta ɗaure cibiya ta yanke, ta ɗora shi a tebur, ta gyara masa wuya, ta kifa masa jakar hura iska a fuska ta fara matsawa. Ƙirjinsa yana tashi yana sauka da hannunta. Duk wannan kafin ni in gama haɗiye yawu.

"Ɗiyata," ta ce, ba ta ko dube ni ba, "allurar tsai da jini na bisa faranti. Yi mata ga cinya, ki dawo nan."

Na yi allurar. Na dawo.

"Kama gindin cibiya da yatsu biyu. Kina jin bugu?"

"Ina ji, Sista. Amma a hankali."

"To yana nan tare da mu. Kada ki saki. In ya ƙaru ki gaya min."

Ta ci gaba da matsawa, ba sauri ba jinkiri. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tana hura wa ɗa iska, idonta yana zuwa kan zanin da ke ƙarƙashin uwar tana duba jini, bakinta kuma yana yi wa Pendo magana da Fillanci a hankali, irin muryar da ake lallashin saniya a wurin tatsa. Mutum ɗaya, aiki uku, kuma ko girarta ba ta motsa ba. Pendo ta juya fuska ga bango, don ba a kallon ɗan fari a gaban mutane, amma na ga yadda ta damƙe ƙafar gadon nan har farcenta ya yi fari. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta ta, har da ta shiga kasuwa.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Bugun da ke tsakanin yatsuna ya fara ƙaruwa, na ce, "Sista, yana ƙaruwa!" Ta ce, "Na gani." Yaron ya ɗan ja wata ajiyar zuciya, ya yi tari, ya murtuke fuska kamar an ɓata masa rai. Sannan ya saki wani siririn kuka irin na ɗan akuya, ya ƙara, ya ƙara, har ya cika ɗakin. Daga baranda sai muka ji guɗa ta tashi. Hajiya Ige ce, mai mutuwa ɗazu.

Ni ban san ina kuka ba sai da Sista ta ce in share fuska in zo in karɓi mabiyiya. Ta bar ni na yi da hannuna, tana tsaye a kaina, na murza cikin har mahaifa ta yi tauri, jini ya tsaya. Ta ɗora yaron a ƙirjin uwarsa ta lulluɓe su. Da muka zo wanke Pendo, na ɗebo ruwa a durom, sai hannuna ya tsaya. Ruwan da ta tuƙo ne da kanta.

Ana haka surukar ta dawo daga kasuwa da ƙullin kayanta, ta tarar har an yi. 'Yan baranda suka ba ta labari, kowa yana ƙara gishiri. Tsohuwar nan ta zo ta kama hannuna biyu tana godiya da gurɓatacciyar Hausarta, wai ashe sabon maganin asibiti ke nan, a ba mace bokiti haihuwa ta zo da sauri, za ta gaya wa matan ruga. Na rasa inda zan sa kaina. Sista Kulu ta fito ta tsaya a tsakiyar baranda, ta faɗa da Hausa ta maimaita da Fillanci:

"Ba magani ba na. Kuskure na munka yi, kuma Allah Ya rufa muna asiri. Duk wadda ta zaka da naƙuda, ko ba ta iya hwaɗi, wanda ya kawo ta shi hwaɗi kahin shi tahi ko'ina."

Munka yi, ta ce. Ita da ba ta ma nan.

Da la'asar, bayan mutane sun watse, na same ta tana wanke almakashi. Na tambaye ta abin da ke cina, ko bokitin ne ya sa yaron ya fito haka. Ta ce a'a, cibiya ta naɗe shi tun a ciki, ba ni na naɗa ta ba. Har na fara sakin numfashi sai ta ƙara da cewa, "Amma da ta haihe shi bakin tuƙa-tuƙa, jakar iska tana nan ɗaki, shi yana can cikin laka." Ba ta ƙara komai a kai ba, ba ta kuma buƙaci ƙarawa ba.

Na ce yaya aka yi ta gane tun daga kan babur, mutum cikin hijabi har ƙasa. Ta ce ta ga mace da kaya a ka ta tsaya inda ba inuwa ba kowa, ta ga yatsun ƙafarta sun nutse cikin laka, ta ga zaninta ya jiƙe ta inda ruwan bokiti ba ya zuba. Ta ce a nan ba kowa ne zai gaya maka ciwonsa ba, wani kunya, wani harshe, wani tsoron farin kaya, don haka aikin nas yana farawa tun kafin a buɗe baki. "Kuma yatsunki sun gaya miki gaskiya bisa Hajiya," ta ce. "Hannunki na da kyau. Ki riƙa yarda da shi." Wannan yabon ya fi zagi yi mini zafi.

Kafin su tafi washegari na roƙi Sista ta raka ni wurin Pendo ta yi mini tafinta. Na durƙusa a gaban tabarmarta na ba ta haƙuri, na ce Sista ta tambaye ta don Allah me ya sa ba ta ƙi ba, ko da da girgiza kai ne. Pendo ta yi magana ƙasa-ƙasa tana wasa da bakin zaninta. Sai na ga Sista Kulu ta yi dariya har da riƙe ciki, karon farko da na ga haƙoranta duka.

"Mi tac ce, Sista?"

"Ta ce ta ga kin ruɗe, ke ɗai, zuhwa na keto miki, ga ki baƙuwa. Sai kinka ba ta tausai. Ta ce bari ta taimake ki."

Ni da na zo kawo musu ilimi, ashe mai naƙuda ce ta dube ni ta ga wadda ta fi ta buƙatar taimako.

Hajiya Ige ba ta haihu ba sai bayan makonni, kuma har yau in na bi ta rumfarta sai ta ɗaga murya kasuwa ta ji: "Likita, a kawo bokiti?" Ni ma sai in yi dariya. Na koyi Fillancin da zai ishe ni in tambayi mace ina ke mata ciwo, in kuma ja ta gefe inda babu maza kafin in tambaya. In na fito baranda yanzu, mai ihu nakan ce mata ina zuwa, in wuce wurin wadda ta yi shiru a lungu in ɗora mata hannu. In kuma durom ya ƙafe, ko mutum ya rantse mini da Alƙur'ani cewa rakiya ya yo, ni nake ɗaukar bokitina in tafi tuƙa-tuƙa.